Kalmar "Oganik" da Matsalar Fassara Ta da Hausa: Misali Daga Ƙasar Birnin Gwari



Gabatarwa

Abin da wannan lacca za ta yi magana a kansa kalma ce guda ɗaya ta Ingilishi, wadda Hausawa suka ji ta a bakin malaman gona da malaman asibiti da masu tallar kaya, suka lanƙwasa ta suka ce "oganik". Mai yiwuwa ne wani ya ga cewa tara jama'a saboda kalma ɗaya ɓata lokaci ne. To, amma ita wannan kalma tana da gida a fannonin ilmi da dama, kuma a kowane gida ma'anarta daban ce, har ma akwai inda ma'anar wani fanni ke ƙaryata ta wani. Mai fassarar da bai lura da haka ba yana iya sa manomi asarar damina guda, ko ya sa ɗalibi ya fahimci littafi a juye, ko ya sa mace ta shafa guba a jikinta tana zaton magani ne.

Domin kada magana ta tsaya a sama, za a riƙa ɗauko misalai daga Magajin Gari da kewayenta, a Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Dalili shi ne, a wannan ƙasa akwai noma, akwai kiwo, akwai haƙar zinariya, akwai kuma babban daji, saboda haka kusan duk ma'anonin kalmar ana iya nuna su da yatsa a wuri guda.

Kalma mai ma'ana da yawa ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Yana cin tuwo, yana cin kasuwa, yana cin jarrabawa, yana cin bashi, wani ma yana cin amana, kuma ba ya ruɗewa. "Magani" shi ne abin da ke warkar da mutum, shi ne kuma abin da ke kashe ɓera. Sunan Magajin Gari kansa sarauta ce sananniya a ƙasar Hausa, amma a Birnin Gwari shi ne kuma sunan mazaɓu 3 daga cikin 11 da ke cikin ƙaramar hukumar. Abin da ke hana ruɗewa shi ne, Bahaushe da waɗannan kalmomi ya tashi, ya san mazaunin kowace ma'ana. Baƙuwar kalma kuwa ita kaɗai take zuwa, ta baro danginta a gida, sai mai sauraro ya kama ma'anar da ya fara ji ya ɗauka ita ke nan.

Asalin Kalmar

Tushen kalmar daga harshen Girkanci yake, inda "organon" ke nufin kayan aiki, kamar yadda fartanya take ga manomi ko guduma ga maƙeri. Da wannan suna ne ma aka san tarin littattafan Aristotal na ilmin manɗiƙi, domin an ɗauki manɗiƙi a matsayin kayan aikin tunani. Daga nan sai masana suka riƙa kiran ido da kunne da hanta da zuciya kayan aikin jiki, tun da kowanne yana da aikin da yake yi wa sauran. Abin da aka haɗa shi da irin waɗannan sassa, kowane sashe na dogara da ɗan'uwansa, shi ne mai rai. Ke nan tun daga tushe ma'ana biyu ce ta tsiro: ta farko, abin da ya shafi rai ko ya fito daga mai rai, ta biyu, abin da sassansa ke aiki tare kamar jiki ɗaya. Duk sauran ma'anonin rassa ne na ɗayan waɗannan biyu.

Larabawa da suka zo fassara sai suka ce "udwi", daga "udwu", watau gaɓa ko sashen jiki, suka bi da ita kusan kowane fanni. Bahaushe ba shi da wannan sauƙi, domin in aka ce masa "ciwon gaɓa" gwiwa da gwiwar hannu zai tuna, in kuma aka ce "takin gaɓa" dariya zai yi.

A Ilmin Sinadarai

A farkon ƙarni na 19 wani masani mutumin Suwidin, Berzelius, ya raba sinadarai gida biyu: waɗanda ake samu daga tsirrai da dabbobi, da waɗanda ake samu daga duwatsu da ƙasa. Na farkon su ya kira oganik. A wancan zamani masana da yawa sun yi imani cewa akwai wani ƙarfi na rai wanda in babu shi ba za a iya haɗa irin waɗannan sinadarai ba. A 1828 sai almajirinsa, Bajamushe Friedrich Wöhler, ya haɗa yuriya a ɗakin gwaji daga wani gishiri, ba tare da ƙodar mutum ko ta dabba ba, alhali kafin nan a cikin fitsari aka san ta. A 1845 wani Bajamushen, Hermann Kolbe, ya haɗa sinadarin tsami na ruwan inabi mai tsami daga abubuwan da ba su taɓa rayuwa ba. Kafin ƙarnin ya ƙare ma'anar ta sauya sarai. Suna ya zauna yadda yake, amma abin da ake nufi ya koma sinadaran da aka gina su a kan kabon, ko daga ina suka fito.

Wannan sauyi shi ne mafarin ruɗanin. A wurin masanin sinadarai, sukari da man gyaɗa oganik ne, haka kuma fetur da kananzir da kwalta da ledar da ke toshe magudanan ruwa. DDT, wanda Paul Müller ya gano ƙarfinsa na kashe ƙwari a 1939, oganik ne. Gamalin, wanda manoman Arewa suka daɗe da sani, wanda kuma aka sa sinadarinsa cikin jerin haramtattu na Yarjejeniyar Stockholm a 2009, shi ma oganik ne. A ɗaya ɓangaren kuwa, ruwan rijiya da kanwa da gishirin Bilma, waɗanda kakannin Bahaushe suka rayu da su, babu ɗayansu da ke cikin wannan aji.

Haƙar zinariya ta ba da misali mai ban tsoro. An daɗe ana haƙarta a ƙasar Birnin Gwari, tun zamanin Turawa, kuma masu haƙa da hannu a wannan yanki na arewa maso yamma sukan yi amfani da zaiba wajen tsamo zinariya daga niƙaƙƙen dutse. Zaibar da ke cikin kwalba guba ce. Amma in ta zuba a rafi ta kwanta cikin laka, ƙwayoyin halitta na cikin lakar sukan haɗa ta da kabon, ta koma abin da masana ke kira zaiba oganik. Wannan ita ce ke taruwa a jikin kifi, ta shiga jikin mai cinsa, ta lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, har ta ratsa mahaifa ta taɓa ɗan tayi. Irinta ce ta nakasa mutanen Minamata a ƙasar Japan, inda aka gane cutar a 1956. Saboda haka ma'aikacin lafiyar da ya karanta rahoto ya ga an ce an sami zaiba oganik a kifin wani rafi, ya gaya wa jama'a cewa ta halitta ce, ba ta da lahani, ya juya gargaɗi ya mai da shi albishir.

A Ilmin Ƙasar Noma

Masanin ƙasar noma ya riƙe tsohuwar ma'ana. In ya ambaci kalmar yana nufin ragowar abin da ya taɓa rayuwa: ganye da saiwa da kara da kashin dabbobi, waɗanda suka ruɓe suka gauraye da ƙasa. Wannan ruɓi shi ke sa ƙasa ta yi duhu, ta yi laushi, ta riƙe ruwa, ta kuma riƙe abincin shuka kada ruwan sama ya wanke shi. A ƙarƙashin doka da maje da kaɗanya na dajin Kamuku, wanda aka keɓe shi a 1936 aka kuma mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, ganye na zuba kowace shekara yana mayar wa ƙasa abin da itatuwa suka ɗiba. Gonar da aka sare daga irin wannan daji takan yi albarka shekarun farko, sa'an nan ta fara gajiya. A gonakin wannan yanki da aka daɗe ana nomawa, kabon ɗin da ke cikin ƙasa sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Manomi bai jira malamin gona ya gaya masa haka ba. Shi ya sa yake barin gona ta zama saura, shi ya sa yake kai juji da takin turke, shi ya sa kuma manoman kewayen birnin Kano suka shekara ɗaruruwa suna jigilar taki da jakuna daga cikin gari zuwa gonakinsu. A wannan fanni Hausa ba ta bukatar aro ko kaɗan, domin kalmominta sun riga na littafi zuwa gona.

A Noma da Kasuwancin Amfanin Gona

A 1840 Justus von Liebig ya bayyana cewa shuka na shan abincinta ne a matsayin gishiri narkakke. A 1913 aka buɗe masana'anta ta farko a Jamus mai ɗauko naitirojin daga iska ta hanyar da Haber da Bosch suka ƙirƙiro. Daga nan takin buhu ya bazu. A Nijeriya an buɗe kamfanin sufa a Kaduna a 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin Ciyar da Ƙasa na gwamnatin Obasanjo, kuma shirin raya aikin gona na Funtua, wanda aka fara a tsakiyar shekarun 1970, tare da ingantaccen irin da aka fitar daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, suka taimaka masara ta zama babban amfanin gona a wannan yanki. Masara kuwa shuka ce mai cin naitirojin ƙwarai. Tun daga lokacin manomi ya raba taki gida biyu: takin zamani, watau kamfa da sufa da yuriya, da takin gargajiya.

A Turai wasu sun ƙi wannan sabuwar hanya. Sir Albert Howard, wanda ya yi aiki a Indiya ya koyi haɗa takin ruɓi, ya fitar da littafinsa a 1940, kuma a wannan shekara ce Lord Northbourne ya fara kiran irin noman da suke so da suna oganik. Abin lura shi ne, ma'ana ta biyu ya nufa: gona ta zama kamar jiki ɗaya, dabba ta ci kara, ta ba da taki, taki ya ciyar da ƙasa, ƙasa ta ciyar da shuka. Daga baya gwamnatoci suka shigo, Amurka ta yi doka a 1990, Tarayyar Turai ta yi tata a 1991. Tun daga nan kalmar ta zama maganar doka. Ba a rubuta ta a jikin kaya sai gona ta yi shekara 2 zuwa 3 babu takin masana'anta babu maganin feshi na masana'anta, sai an ajiye lissafin duk abin da aka zuba, sai kuma mai bincike ya riƙa zuwa kowace shekara ya ba da takardar shaida, mai gona ya biya kuɗin zuwansa.

A nan ne fannoni suka yi karo. Yuriya, wadda ita ce abin alfaharin masu ilmin sinadarai oganik, haramtacciya ce a noman oganik. Garin dutsen fosfat, irin wanda ake samu a ƙasar Sakkwato da ta Tawa, dutse ne zalla, amma an halatta shi a wannan noma. Ɗalibin da ya fito daga ajin sinadarai ya shiga ajin aikin gona, in ba a faɗakar da shi ba, sai ya zaci ɗayan malaman biyu ƙarya yake yi.

Akwai kuma lissafin da ya kamata kowane malamin gona ya riƙe. Naitirojin ɗin yuriya kashi 46 ne cikin 100, watau buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Busasshen kashin shanu kuwa nasa yakan tsaya tsakanin kashi 1 zuwa 2. Ke nan kafin a sami abin da ke cikin buhu ɗaya sai an tara kashin shanu tan 1 zuwa 2 ko fiye, kuma shi a hankali yake sakin abincinsa. Da kuɗin takin zamani ya yi tashin gwauron zabo daga 2022, an yi ta shawartar manoma su koma oganik, ana kuma sayar da buhuna da kwalabe masu wannan suna. Manomin masara a Magajin Gari ko Kuyello ko Dogon Dawa da ya ɗauka buhu ɗaya na wannan zai maye buhu ɗaya na wancan, ganyen masararsa ne zai ba shi amsa a watan Agusta. Binciken da aka daɗe ana yi a Samaru ya nuna cewa haɗa biyun ya fi riƙe ɗaya: ruɓi ya gyara jikin ƙasa, takin buhu ya ba da abinci da gaggawa.

Matan karkara masu tsintar ƙwaryar kaɗanya a gonaki da sauruka su ma maganar ta shafe su. Itacen da suke tsinta a ƙarƙashinsa ba wanda ya taɓa zuba masa taki ko ya fesa shi. Duk da haka man kaɗen da suka soya ba zai shiga kasuwar Turai da wannan suna ba, sai da takarda, takarda kuwa sai mai bincike ya iya zuwa wurin. Wanda ya fassara musu kalmar da "na gargajiya" ya sa su zaton sun riga sun cika sharaɗi, alhali ƙarin kuɗin da ake biya a can na takardar ne.

A Aikin Likita

In likita ya ce ciwo oganik ne, yana nufin akwai lahani a wani sashe na jiki wanda ake iya gani ko a auna, ko a jini, ko a hoto, ko a nama. Kishiyarsa shi ne ciwon da ake jin sa amma gwaji bai nuna lahani a sashen ba. Wannan bambanci yana da nauyi a ƙasar Hausa, inda in yaro ya fara fizge-fizge ko babba ya fara sambatu, akan fara tunanin iska ko sammu. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, da sanƙarau, da ciwon barci, duk suna iya kawo irin waɗannan alamu. Haka gubar dalma, wadda ta fito daga dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje, ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, ta kuma kashe 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari, a 2015. Dalmar da ke cikin wannan dutse ba oganik ba ce a wurin masanin sinadarai, amma ciwon da ta haddasa oganik ne a wurin likita. Tafintan da ya gaya wa uwa cewa ciwon ɗanta "na gargajiya" ne, ko "na halitta" ne, ya nuna mata hanyar gidan boka da hannunsa.

A Ilmin Zaman Jama'a

A 1893 Bafaranshe Emile Durkheim ya bambanta zaman jama'a iri biyu. Akwai inda abin da ya haɗa mutane shi ne kamanni: sana'a ɗaya, al'ada ɗaya, kowane gida na yi wa kansa kusan kome. Akwai kuma inda abin da ya haɗa su shi ne bambanci: kowa da sana'arsa, ba mai iya rayuwa sai da ɗan'uwansa. Na biyun shi ya kira oganik, kuma a ganinsa shi ne halin manyan birane da zamanin masana'antu. Haka Antonio Gramsci, mutumin Italiya, a rubuce-rubucen da ya yi a kurkuku tsakanin 1929 da 1935, ya kira masanin da ya tsiro daga cikin wani rukuni na jama'a yake kuma yi masa aiki da wannan suna, ya sa shi a matsayin kishiyar masani na gargajiya. Saboda haka a wannan fanni duk wanda ya fassara kalmar da "gargajiya" ya faɗi akasin abin da marubutan suka nufa, baki da baki.

Bahaushe yana da nasa suna ga irin wannan zama, shi ne cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Garin Hausa da maƙeransa da mahautansa da majemansa da wanzamansa, kowace sana'a da sarkinta, misali ne nasa. Wani misalin shi ne tsohon zaman manomi da makiyayi. Bayan an cire amfani, Bafulatani yakan sauka da garkensa a gona, shanu su ci kara, su bar taki, matan ruga su kai nono gari su koma da hatsi. A nan ma'anar Northbourne da ta Durkheim suka haɗu a gona ɗaya. Da ta'addancin 'yan bindiga ya mamaye dazuzzukan Kamuku da Kuyambana na tsawon shekaru fiye da goma, ƙauyuka suka watse, gonaki na nesa suka koma daji, amana tsakanin mai gona da mai shanu ta yi rauni, hanyar da taki ke bi zuwa gona ita ma ta yanke. A watan Nuwamba na 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ta ba da sanarwar sulhu a Birnin Gwari, aka sake buɗe kasuwar shanu ta garin bayan ta shekara da shekaru a rufe. Ma'aikacin da ke rubuta shirin raya noman oganik domin wannan ƙasa ya kamata ya sani cewa tan 2 na kashin shanu ba a ofis ake samunsa ba, sai manomi da makiyayi sun iya kwana kusa da juna ba tare da tsoro ba.

A Shari'a, Ciniki da Talla

A ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Faransa akwai wani aji na dokoki da ake kira da wannan kalma. Su ne dokokin da ke shimfiɗa yadda manyan hukumomin ƙasa za su kasance da yadda za su yi aiki, matsayinsu na ƙasa da tsarin mulki amma hanyar zartar da su ta fi ta sauran dokoki tsanani. Tsarin mulkin Faransa na 1958 ya tanade su, haka tsarin mulkin Nijar na 2010. Abin sha'awa kuma, Faransanci ba ya amfani da kalmar ga noma, "biyo" yake cewa. Saboda haka ma'aikaci Bahaushe a Maraɗi da takwaransa a Kaduna suna iya jin kalmar a taro ɗaya, wannan ya tuna majalisa, wancan ya tuna juji.

'Yan kasuwa suna kiran bunƙasar kamfani oganik in da cinikinsa ya girma, ba da sayen wani kamfani ba. Masu hulɗa da intanet suna kiran jama'ar da suka ga saƙo ba tare da an biya kuɗin talla ba da wannan suna. Ma'ana mafi haɗari kuwa ita ce ta masu talla, domin ba ta da iyaka ko kaɗan. A biranen Nijeriya ana sayar da man shafawa haɗin gida da sunan oganik, mai saye na jin cewa daga ganye da 'ya'yan itace aka yi shi, alhali hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi cewa mayukan sauya launin fata da dama na ɗauke da sinadarai masu lahani, har da zaiba. Kama da wane ba wane ba ne.

Abin da Ya Kamata Mai Fassara Ya Yi

Aikin samar wa Hausa kalmomin ilmi ya daɗe. Hukumar Fassara ta fara shi tun wajen 1930, Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta ci gaba da shi, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero da Sashen Harsunan Nijeriya na Jami'ar Ahmadu Bello suka ɗora. An sami nasara mai yawa. Amma akwai wata al'ada da ta zauna wa masu fassara, ta jera kalmomin Ingilishi a hagu, a nemi ɗaya ɗaya ta Hausa a dama. Ga sunan abu kamar keke ko allura wannan ya isa. Ga kalmar da ta shekara ɗari biyu tana yawo tsakanin fannoni bai isa ba.

Shawarar wannan lacca ita ce a fassara ma'ana, fanni fanni. A ilmin sinadarai a ce sinadari mai kabon. A ilmin ƙasa a ce ruɓin tsirrai da na dabbobi, ga taki kuwa a bar wa manomi takin gargajiyarsa ko takin gida, tun da a nan kaɗai kalmar ta dace. A kasuwar amfanin gona a ce noma mai takardar shaidar rashin takin zamani da feshi, ko da ya yi tsawo, domin takardar ita ce maganar. A asibiti a ce ciwo mai tushe a jiki. A ilmin zaman jama'a a ce zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, ga masanin Gramsci kuwa a ce masani ɗan cikin gida. A shari'a a ce dokar shimfiɗa hukuma. Waɗannan shawarwari ne, masana kowane fanni suna iya gyara su, kuma ya kamata su zauna da masana harshe su gyara. Ita kuwa kalmar aro, ba za a iya korarta daga bakin jama'a ba, amma duk inda aka rubuta ta a takardar gwamnati ko littafin makaranta, lalle ne a biyo ta da bayanin wace ake nufi.

Kammalawa

An ga cewa kalmar ta taso daga kayan aiki, ta bi ta jikin mai rai, ta rabu rassa, har ta kai ga reshe ɗaya na halatta abin da wani ya haramta. Ɗalibi, in ya gamu da ita, ya fara tambaya a wane aji yake zaune. Ma'aikaci, kafin ya sa hannu a takardar da za a karanta wa manoma a gidan rediyo ko a ƙofar fadar hakimi, ya tambayi wanda ya rubuta ta abin da yake nufi, ya kuma tabbata an faɗe shi da Hausar da mai fartanya zai auna da buhu da mangala. Manomin Magajin Gari ba zai ga takardar Ingilishin ba har abada. Fassarar kaɗai zai ji, da ita zai sayi taki, da ita zai kai ɗansa asibiti ko ya ƙi.